Jirgin Tara da Minti Goma

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran agogo, kuma a duk shekarun nan sau ɗaya tak na taɓa makara.

Shagona ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da tabarau. Tebur ɗaya, fitila ɗaya, hantsaki, 'yan sukudireba sirara kamar tsinken sakace, sai gilashin da nake maƙalawa a ido ɗaya. Agogo ashirin da wani abu ne rataye a bango, kuma duk bakinsu ɗaya. In wani ya yi gaba da minti guda, shayi ba ya shiga cikina sai na sauke shi na ji dalili. Matata takan ce ba gyara nake yi musu ba, shari'a nake yi musu.

Ita ce ta raɗa mini suna Ƙarfe-nawa. Ni ma na rama, na sa mata Ina-zuwa, domin tunda na aure ta ban taɓa cewa "mu tafi" ta ce "to" ba. Sai dai in jiyo daga cikin ɗaki, "Ina zuwa!" Kuma ba zuwan take yi ba. Ɗankwali take sakewa, ko tana neman mabuɗin da ke hannunta, ko ta tsaya ba shukar bakin taga ruwa. Na taɓa tura agogon falo gaba da minti goma sha biyar don in yi mata dabara. Sati biyu ina jin daɗin wayona, ashe tun ranar farko ta harbo ni, tana cire sha biyar ɗinta a ka, ta ƙara biyar ladan ganowa. 'Ya'yanmu uku da wannan faɗan suka tashi, har ba sa ɗaga kai in mun fara.

Da ciwo ya kama ta, likitocin gida suka yi iya yinsu, daga baya suka ce a gwada waje. 'Ya'yan suka haɗa kai, autarmu ta yi ɗawainiyar takardu, ni kuma na rufe shago na rako ta. Muka kama ɗaki a hawa na uku kusa da asibitin. Gadaje biyu ne ƙanana muka haɗe su, da butar lantarki, da kujera ɗaya mai gurguwar ƙafa da na tokare da takarda. Tagar tana kallon bayan tashar jirgin ƙasa.

Ranar da muka sauka, tun a filin jirgi na saita agogon hannuna da nasu, har daƙiƙa. Agogon nan irin na murɗawa ne, ya girmi babban ɗanmu, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Wayoyinmu biyu kuwa na shiga cikinsu na kashe wurin da suke saita lokaci da kansu, na saita musu da hannuna. Ba na son abin da zai taɓa mini lokaci ba da sanina ba.

Litinin, Laraba da Juma'a ake ɗaura mata ruwan magani. Asabar a kwance take wuni, ko ƙamshin shayi ba ta so. Amma ranar Lahadi takan tashi kamar ba ita ba, ta nemi madubi, ta nemi faɗa. Ƙarfe bakwai na yamma kullum wata nas takan zo ɗaki ta yi mata allura.

Lahadin farko tana zaune bakin taga ta ce, "Ƙarfe-nawa, wai jiragen nan ina suke zuwa ne haka?"

"Inda aka aike su."

"To mu ma a aike mu mana. Tunda muka zo daga silin asibiti sai silin ɗakin nan nake kallo. In mun koma aka tambaye ni me na gani a ƙasar waje, sai in ce fitila?"

Na ce jinya muka zo ba yawon buɗe ido ba. Ta ce idon nata ne, ita za ta buɗe abinta. Muka sauka muka je tashar, tafiyar minti bakwai ga mai lafiya, sha biyar gare ta. A bakin ƙofa ta zari wata taswira mai ninki huɗu da ake bayarwa kyauta, layukan jirage a zane kala-kala, kowane gari ɗigo. Daga ranar taswirar nan ta zama littafin karatunta.

Garin farko tafiyar minti arba'in ne. Ba komai a cikinsa sai gada da kogi da agwagi. Ta zauna a benci ta rabar musu da burodin da na ɗauko don ita, tana yi wa wata ƙatuwa faɗa wai ta fiye zalama, ta bar na baya su samu. Ni kuwa ina tsaye a kanta ina duba hannu.

"Jirgin komawa ɗaya da rabi ne fa."

"Yanzu ƙarfe nawa?"

"Sha biyu saura."

"To zauna, ka tsare mini rana."

Gari na biyu a kan tudu yake, da wata doguwar hasumiya mai agogo a tsakiyarsa. Mutane na ta ɗaukar hoto, ni kuwa kallo ɗaya na yi masa na ga yana baya da minti biyu. Na faɗa mata. Ta ce in hau in gaya masa da kaina, ita ba ta shiga tsakanin 'yan'uwa. Na ukun ruwa ne ya tare mu, ba mu ko fita daga tasha ba. Muka zauna a ɗan shagon shayi muna kallon mutane suna gudu da lema, kuma a hanyar dawowa ta ce duk ya fi mata daɗi.

Gaskiyar magana, ba garuruwan take so ba, jirgin take so. Ita ce a taga kullum, goshinta a jikin gilashi, tana leƙa bayan gidajen mutane. "Ka ga wannan matar ba ta iya shanya ba, ta haɗa fari da ja." "Wancan tsohon shi kaɗai yake zaune, ka ga kujera ɗaya ce a lambun." A cikin jirgi ba ta tari sosai, fuskarta ma takan cika. Ni kuma aikina riƙon fulas, riƙon tikiti, da lissafin tasha nawa ta rage. In mun sauka ni ne a gaba, in juyo in gan ta can baya tana karanta wani allo da ba ta san yarensa ba, ta ɗaga mini hannu. "Ina zuwa!"

Akwai layi shuɗi a taswirar, wanda ya fi kowanne tsawo. Ɗigonsa na ƙarshe a bakin teku yake. Ta zagaye shi da biro har takardar ta kusa hujewa.

"Shekarata sittin da uku ban taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙetarensa ba," in ji ta. "A jirgin sama ma da muka bi ta kansa gajimare ya rufe. Nan za ka kai ni."

Na duba jadawali. Awa biyu da kwata zuwa, awa biyu da kwata dawowa. Na ce ya yi nisa, a bari ta ƙara jin ƙarfi. Lahadi ta zagayo na ce ana iska. Wata ta zagayo na ce ai jiya ta yi amai. Sau biyar tana nuna mini ɗigon nan ina kai ta wani wuri mai kusa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ina ganin in muka yi nisa da asibitin wani abu zai faru a hanya, ni kuma ban iya yarensu ba sai na gaisuwa da na lambobi.

Wata Juma'a, tana ɗaure da ruwa, likita ya yafito ni zuwa ofishinsa, tafinta na zaune a gefe. Tun daga yadda tafintan ya ƙi haɗa ido da ni na san zancen. Maganin ba ya aiki, za su tsayar. Abin da ya rage shi ne a rage mata zafi, in muna so mu fara shirin komawa gida. Na tambaye shi abin da kowane mai sana'ata zai tambaya, na ce saura nawa. Ya ce ba a sanin wannan. Na matsa. Ya ce makonni, wataƙila wata biyu. Na riƙe "wata biyu" na zubar da "wataƙila", domin ni mutum ne da in aka ba shi lamba yakan yarda da ita.

Ban gaya mata ba. Washegari Asabar tana barci da rana na sauka na tafi tasha. Matar da ke sayar da tikiti ta saba da ni, wata mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Na shimfiɗa taswira na ɗora yatsa a ɗigon ƙarshe na layi shuɗi, na nuna yatsu biyu, zuwa da dawowa, gobe. Ta buga mini na tara da minti goma na safe. Da ta miƙo tikitin sai ta nuna agogon hannuna, ta ƙwanƙwasa nata hannun, ta yi wata magana mai tsawo, tana juya yatsa a iska. Na tsinci kalmar Lahadi a ciki, sauran duk suka wuce ni.

Kun san abin da na ɗauka? Na ɗauka yaba agogon take yi. Mutane sun saba yaba shi. Na cire shi na kara mata a kunne ta ƙasan gilashi, na nuna mata da hannu cewa murɗa shi ake yi, ba batir, na ƙirga mata shekarunsa da yatsu. Ta sake ƙwanƙwasa hannunta, na sake gyaɗa kai ina murmushi. Layi ya taru a bayana, ta ɗaga kafaɗa ta ce in sauka lafiya. Na fito ina jin daɗi wai ko a nan an san abu mai kyau.

Da yamma ta farka na ajiye tikitin a kan bargonta. Ta ɗauka ta kai kusa da ido, ta ɗauko taswira ta gwada sunan garin harafi da harafi. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Likita ya yi maka magana ke nan."

"Wace magana? Cewa na yi kin ji ƙarfi."

"Ƙarfe-nawa, shekara talatin da takwas muna tare. Agogon falo ma ba ka iya yi mini ƙarya da shi ba." Ta sa tikitin a ƙarƙashin matashi. "Ba komai. Ka dafa ƙwai huɗu, kar ka bari su yi tauri irin na wancan satin."

Ranar Lahadi na fito daga wanka na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Tana zaune a bakin gado ta gama shiri tsaf. Ta sa shuɗiyar rigarta da ta yi mata yawa yanzu, ta ɗaura ɗankwali, ta sa takalmi, jaka a cinya, har da kwalli. Ta dube ni ta ce, "Mu tafi."

Na duba hannu. Takwas saura kwata.

"Yau kuma? Ina za mu je tun yanzu? Jirgi sai tara da minti goma. Sanyi ake a tashar nan, mu je mu yi awa guda a kan bencin ƙarfe?"

"Ni dai na ƙosa. Mu je mu jira a can."

"Ina zuwa," na ce mata, ina kwaikwayon muryarta. Ta yi dariya ta jefe ni da matashi.

Na zauna na sha shayina a tsanake. Na murɗa agogo. Na goge takalmi. Na sake jera kayan jaka, fulas a tsaye, ƙwai a gefe, magunguna a aljihun gaba. Ina sane nake jan jiki, ina ramuwar shekara talatin da takwas, ita kuma tana zaune tana kaɗa ƙafa tana cewa Allah ya isa. Takwas da minti talatin da biyar na ce to yanzu lokaci ya yi.

Muka shiga tasha tara saura minti goma a agogona. Na ɗaga kai don in gaisa da babban agogon zauren kamar yadda na saba, sai na ga goma saura minti goma.

"Agogonsu ya lalace," na ce.

Na dubi allon jirage, shi ma haka. Na dubi na saman shagon shayi, haka. Na ciro wayata, ta ce tara saura minti goma, na ji sanyi a raina, sai na tuna wanda ya saita ta. Na bar ta a benci na nufi wani ma'aikaci mai riga ruwan lemo, ina nuna masa tikiti ina nuna masa hannuna, ina magana da yaren da bai sani ba da ƙarfi kamar ƙarfin zai fassara. Mutumin kirki ne. Ya ciro wayarsa ya yi magana a ciki, ta rubuto mini da yaren da nake iya karantawa. Sau biyu a shekara ƙasar gaba ɗaya take sauya agogo. Daren jiya an tura shi gaba da awa ɗaya. Jirginmu ya tashi minti arba'in da suka wuce.

Wai ƙasa guda, da hukumarta da masu iliminta, su kwanta su tashi su ce ƙarfe takwas ta zama tara. Na tsaya a tsakiyar zauren nan. Sai matar tabarau ta faɗo mini a rai, tana ƙwanƙwasa hannu tana juya yatsa. Sai kuma na tuna takwas saura kwata, da mace zaune da takalminta a ƙafa tana cewa mu tafi. Da na tashi a lokacin, da mun samu jirgin har da ragowar minti goma.

Na koma na gaya mata. Ta dube ni, ta dubi babban agogon, ta sake dubana. Sai ta fashe da dariya. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, har tari ya sarƙe ta, na buɗe fulas na ba ta ruwan zafi, ta kurɓa ta ci gaba.

"Allah na gode maka da ka nuna mini wannan rana da raina. Ƙarfe-nawa ya makara! Ba ni waya in kira auta."

"Ba abin dariya ba ne."

"Wallahi abin dariya ne. Awa guda cur! Ni a tarihina ban taɓa kai awa ba." Ta share hawaye da bakin mayafi. "To, sai na gaba. Ƙarfe nawa ne na gaba?"

Na je na duba jadawali. Ranar Lahadi jirage biyu ne kawai ke zuwa can kai tsaye. Na biyun biyu saura minti ashirin, ya isa huɗu saura biyar. Na dawowa kuma huɗu da minti ashirin, in ka rasa shi sai na bayan magariba, wanda zai sa allurar bakwai ta wuce. Na dawo na zauna kusa da ita na yi mata lissafi dalla-dalla.

"Minti ashirin da biyar ke nan tsakani. Saukowarki daga jirgi biyar. Ba mu san nisan ruwan daga tasha ba, a ce goma. Dawowa goma. Me ya rage? Awa huɗu da rabi a zaune don mu ga bangon tasha mu juyo?"

"Ko minti ɗaya ne ya ishe ni. Kallo ɗaya zan yi."

"Kuma mu zauna nan awa uku da wani abu muna jira, a wannan sanyin?"

"Mu koma ɗaki mu dawo."

"Ki hau ki sauka sau biyu? Ƙarfinki zai ƙare kafin mu shiga jirgin. A'a. Lahadi mai zuwa. Na tara da minti goma, mu wuni a can, ki ga ruwa har ki gaji. Wannan karon da agogonsu zan yi aiki."

Lissafin daidai yake, ko yanzu aka ba ni takarda haka zan yi shi. Amma ba lissafi ne ya yi magana a bakina ba. Kunya ce. An kayar da ni a gabanta a kan abu ɗaya da na iya a duniya, ina so in sake zama mai gaskiya a kan lokaci kafin mu bar bencin nan.

Ta daɗe tana kallon allon jirage. Dariyar ta tafi. Na gyara zama ina jiran faɗa, har na tanadi amsoshi.

"To," ta ce.

Shi ke nan abin da ta ce. Ta miƙo hannu na ɗaga ta, muka koma. A ɗaki ta ci ƙwai ɗaya ta ce ya yi daidai, ta cire shuɗiyar rigar ta ninke ta ɗora a kan kujera, ta ce a bar ta nan kusa saboda Lahadi.

Talata da safe numfashinta ya sauya, aka kwantar da ita. Laraba da rana ta farka ta gan ni a gefen gado, ta kamo hannuna ta juya shi ta dubi agogon, ta dubi na bangon ɗakin.

"Ba ka gyara ba."

"Zan gyara."

"Kar ka gyara. Bar shi haka, ka ɗanɗana yadda muke ji mu mutanen baya." Ta yi ɗan murmushi. "Ka daina wannan fuskar. Ruwa ne fa kawai."

Na ce mata saura kwana huɗu, na riga na sayi tikiti. Ta ce madalla. Alhamis da hantsi ta cika, hannunta a cikin nawa, taga a buɗe, ana jin jirage suna fita daga tasha.

Babban ɗanmu ya iso Juma'a, aka yi mata sutura a can. Jirginmu na komawa gida sai Litinin. Ranar Lahadi na ce masa zan fita in sha iska, ya ce ya raka ni, na ce ya zauna ya haɗa kayan mahaifiyarsa.

Tikitin tara da minti goma na cikin aljihuna, guda biyu, amma ban hau jirgin ba. Na jira na biyu saura minti ashirin. Zan faɗi dalili ko da bai yi mini kyau ba. So nake in je in auna da ƙafata, in ga cewa ruwan yana da nisa da tasha, minti ashirin da biyar ba za su isa ba. So nake in ci gardamar. Ina ganin in na ci, zan iya barci.

Na zauna a kujerar hanya na bar ta taga, don haka muka saba. Jirgi ya bi ta garin agwagi, ya wuce wasu da ba mu taɓa zuwa ba. Gonaki, masana'antu, bayan gidaje da shanya. Ban kalli komai sosai ba, ina ta shirya yadda zan ƙirga: daga ƙofar tarago zuwa ƙofar tasha, daga nan zuwa ruwa, da irin takunta ba nawa ba. Wajen uku da rabi da 'yan mintuna muka shiga wani dogon rami a cikin dutse, fitilun tarago suka kama, na ga fuskata a gilashi da kujerar da ba kowa.

Da muka fito sai haske ya cika taragon. Na juya.

Ruwa ne. Daga gindin titin jirgin har inda ido ya ƙare, ba ƙetare. Yana tahowa yana dukan duwatsun da ke ƙarƙashin tagar, yana komawa. Jirgin ya rage gudu yana bin gaɓa, ruwan yana tagar nan tata, ya cika ta daga ƙasa har sama. Wata yarinya a kujerar gaba ta manna goshinta a gilashi.

Hannuna da kansa ya ɗago, na duba agogo, don ban san wani abin da zan yi ba. Minti goma sha ɗaya muka yi muna tafiya a bakin ruwan kafin jirgi ya tsaya. Ba sai ta sauka ba ma. Ba sai ta taka ko'ina ba.

Tashar kuwa a kan gaɓar take. Na sauko, taku goma sha huɗu ne daga ƙofar tarago zuwa wani benci da ke fuskantar teku, na ƙirga. Na tsaya a wurin na juya baya, kamar yadda na saba juyawa a kowace tasha, mutane suna ta fitowa suna wuce ni har dandamalin ya zama ba kowa. Sannan na zauna na yi kukan da ban yi a asibiti ba, ban yi a maƙabarta ba. Na ce mata ga shi nan, ba nisa, ke ce da gaskiya. Na faɗa da ƙarfi, ba wanda ya ji sai tsuntsaye.

Da na share fuska na duba, da sauran minti goma sha biyu. Na zauna na kalli ruwan har suka cika, na hau na huɗu da minti ashirin, ya sake bi da ni ta gaɓar wasu minti goma sha ɗayan.

Na buɗe ƙofar ɗaki na tarar ɗana ya gama haɗa akwatuna, shuɗiyar rigar kawai ya bari a kan kujera don bai san ko zan so in sa ta a nawa ba. Ya ce, "Baba, ina ka shiga haka? Hankalina ya tashi." Na dubi wayarsa da ke kan tebur. Bakwai saura minti goma. Da nas za ta zo, da ta same mu a zaune muna jiranta.